TURANCIN DA ZAI FISSHE MU BA SHI DA YAWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Yau na ajiye maganar siyasa da ta farashin hatsi. Maganar da na zo da ita ta wasu 'yan ƙananan kalmomi ce na Turanci, waɗanda ko cikin cokali ba su yi ba, amma da idona na ga sun kwanar da magidanci a bayan kanta.

Kwanakin baya wani ɗan garinmu ya buga mini waya da sassafe, ya ce don Allah in same shi a wani caji ofis a nan Abuja, an kama yayansa. Shi wanda aka kama ɗin maigadi ne a wani gida cikin sababbin unguwannin nan, shekararsa shida a bakin ƙofar, ba a taɓa samunsa da ko allura ba. Abin da ya faru shi ne, ƙanin maigidan ya fito da wani ƙaramin janareta ya miƙa masa, ya ce ya ajiye masa a ɗakinsa har ya dawo, ya kama hanya ya yi tafiyarsa. Da maigida ya nemi janareta ya rasa sai aka shiga bincike, aka same shi ƙarƙashin gadon maigadi. Aka nemi ƙanin a waya, wayarsa a kashe.

Da aka je caji ofis aka tambaye shi da Turanci, ya amsa da ɗan Burokan da ya iya, ya ce "I take am keep." Nufinsa, na karɓa na ajiye. Mai rubutu kuwa ya rubuta "I took it and kept it", watau na ɗauka na riƙe. Aka miƙo masa takarda ya dangwala yatsa. Kalma ɗaya tak ta ɓace a cikin maganarsa, ita ce "gave". Da ya ce "He gave it to me", watau shi ya ba ni, da tambaya ta koma kan wanda ya ba shi. Kwana biyu ya yi a tsare kafin ƙanin maigida ya kunna waya ya faɗi gaskiya. An sake shi, an ba shi haƙuri, amma aikin ya tafi, don kafin ya fito an riga an ɗauki wani.

Ban ce mai rubutun mugunta ya yi ba, abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta. Akwai haƙƙin da doka ta ba mutumin wanda ba a cika masa ba, zan kuma zo kan wannan. Amma tun ran nan nake ta juya abin a raina, har na kai ga wannan ra'ayi: Turancin da ɗan ci-rani yake bukata don ya tsare kansa da dukiyarsa ba shi da yawa. Aikatau ne kamar talatin, watau abin da malaman Larabci ke kira fi'ili, da sanin yadda kowanne ke juyawa tsakanin jiya da yau da gobe. Duk wanda ya iya lissafin buhun albasa da ka, zai iya wannan.

INDA GIZO KE SAƘAR

Mu a Hausa, idan za mu nuna lokaci, ba mu cika taɓa jikin kalmar aikin ba. Ɗan abin da ke gabanta muke sauyawa. Mukan ce na biya, ina biya, zan biya, nakan biya. "Biya" tana nan zaune daram, "na" da "ina" da "zan" su ke ɗauke da lokacin. Bature kuwa cikin kalmar yake shiga ya murɗe ta. Yau "pay", jiya "paid". Yau "go", jiya "went". Yau "buy", jiya "bought". Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka "go" da "went" kalmomi biyu ne da ba su haɗa dangi ba, alhali kuwa mutum ɗaya ne ya sake riga.

Wannan shi ne dalilin da ya sa muke kama Turancin Buroka cikin 'yan watanni. Shi Buroka tafiyarsa irin ta Hausa ce. Ana cewa "I don pay", na biya. "I dey pay", ina biya. "I go pay", zan biya. Kalmar aikin ba ta motsi. To, amma a nan tarkon yake. A Buroka "go" tana iya nufin "zan", a Turancin takarda kuwa "tafi" take nufi kurum, "will" ita ce "zan". Kuma babu "don" ko "dey" a takardar banki ko ta kotu. Mutum sai ya yi shekara ashirin a Ikko yana ciniki da Buroka lafiya lau, ran da aka ajiye masa takarda a gaba sai ya koma kurma.

Kada kuma wani ya ɗauka mu Hausawa ba mu san juya kalma ba. Dubi saya, sayar, sayo, saye. Dubi kai da kawo, fita da fito da fitar. Yaro ɗan shekara biyar a Kano ba ya rikita "sayo mini" da "sayar mini", amma Baturen da ya zo koyon Hausa sai ya yi gumi a kansu. Wani masani a Jami'ar London, F. W. Parsons, sai da ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai a 1960 kafin ɗalibansa su gane kansu. Watau mu muna juya kalma don a san inda aikin ya nufa, su suna juya ta don a san lokacin da aka yi shi. Dabarar ɗaya ce, wurin amfani ne ya bambanta.

MASU LADABI DA MASU TAURIN KAI

Aikatau na Turanci iri biyu ne. Mafi yawansu masu ladabi ne, in kana son jiya sai ka liƙa musu "ed" ko "d" a wutsiya, shi ke nan. "Sign", sa hannu, ta koma "signed". "Ask", tambaya, ta koma "asked". "Receive", karɓa, ta koma "received". "Fail", gazawa, ta koma "failed". Waɗannan ba su da wahala, doka ɗaya ta ishe su duka.

Sauran su ne masu taurin kai, waɗanda kowannensu da irin juyinsa. Adadinsu wajen ɗari biyu ne, amma rashin sa'ar ita ce su aka fi amfani da su. Aikatau goma da suka fi kowanne yawo a bakin Bature, watau "be", "have", "do", "say", "get", "make", "go", "know", "take" da "see", babu mai ladabi ko ɗaya a cikinsu. A 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi diddigin masu taurin kai guda 177 na tsohon Turanci, suka tarar 98 ne suka rage da taurin kansu har yanzu, sauran duk sun bi doka. Suka kuma gano cewa kalmar da ba a cika faɗi ba ita ke saurin bin doka, wadda ake faɗi kullum kuwa ba ta sakin tsohon halinta. Saboda haka babu ranar da za mu jira su gyaru, sai dai mu haddace su.

Ga abin ƙarfafa gwiwa. A 1930 wani Bature a Ingila, C. K. Ogden, ya tsara wani sauƙaƙƙen Turanci mai kalmomi 850 kacal domin baƙi, kuma aikatau 18 kawai ya sa a ciki. A ganinsa da "come" da "go" da "get" da "give" da "keep" da "make" da "put" da "take" da "send" da 'yan'uwansu, mutum zai iya faɗin kusan duk bukatarsa ta yau da kullum. In mai harshe da kansa ya ce 18 sun isa a fara tafiya, to mu da muka ce talatin ai mun yi guzuri har da ƙari.

Kuma su masu taurin kan gida-gida suke, in ka kama ɗaya ka kama danginsa. Akwai gidan da ba sa motsi sam, jiya da yau duk ɗaya: "put", sa, "cut", yanke, "let", bari, "shut", rufe, "hit", buga. Waɗannan kyauta ce. Akwai gidan da "d" ke komawa "t": "send" ta zama "sent", aika, "spend" ta zama "spent", kashe kuɗi, "lend" ta zama "lent", ba da rance, "build" ta zama "built", gina. Akwai gidan da amonsu ɗaya ne a jiya: "buy" da "bought", saya; "bring" da "brought", kawo; "catch" da "caught", kama; "think" da "thought", yi tunani; "teach" da "taught", koyar. Akwai tagwaye: "sell" da "sold", sayar, tare da "tell" da "told", faɗa, sai "pay" da "paid" tare da "say" da "said".

Gida na ƙarshe shi ne mai riga uku: "give, gave, given", bayar, "take, took, taken", ɗauka, "go, went, gone", tafi, "see, saw, seen", gani, "write, wrote, written", rubuta, "break, broke, broken", karya, "steal, stole, stolen", sata. Riga ta uku ana sa ta ne bayan "have" in an riga an gama aiki, kamar "I have seen", na riga na gani. Ana kuma sa ta bayan "was" in a kan mutum aka yi aikin. A nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne: "I gave" na nufin na bayar, "I was given" na nufin an ba ni. Tsakanin waɗannan biyu akwai mai bin bashi da wanda ake bi, akwai mai ƙara da wanda ake ƙara.

Sai wani rangwame guda. Duk inda "will" ko "did" ko "did not" suka shigo, kalmar aiki sai ta koma asalinta. "I will pay", zan biya. "Did you pay?", ka biya? "I did not pay", ban biya ba. Watau wajen tambaya da musu da alkawari, Turanci ya dawo tafarkin Hausa.

WURAREN DA SUKE CIZO

Mu mazauna Abuja Hausa ta shagwaɓa mu. Tun ran 3 ga Fabrairu 1976 da marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni, har zuwa ran 12 ga Disamba 1991 da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko, 'yan'uwanmu leburori da magina da direbobi suna cikin waɗanda suka yi dakon garin nan. Yau in ka shiga Dei-Dei ko Zuba ko Gwagwalada, ko wurin 'yan canji a Wuse, sai ka wuni ba ka bukaci wani harshe ba, don hatta Gwarawa masu ƙasa da yawansu suna jin Hausa. Amma duk takardar da ta fito daga ofis a garin nan da Turanci take fitowa. Ku da ke Kudu kun fi mu sanin wannan, don ku ko a bakin titi Hausa ba ta cika fisshe ku ba.

Mu ɗauki wayar hannu. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, mai nama da mai shayi da mai kayan miya duk dole ta sa sun koma karɓar kuɗi ta waya. Saƙon da ke shigowa kuwa da waɗannan kalmomi yake zuwa. "Sent", an aika. "Received", an karɓa. "Failed", bai tafi ba. "Reversed", kuɗi sun koma wa mai su. "Pending", ana jira tukuna. Mai saye ya nuna maka fuskar wayarsa da "sent" a jiki, kai kuma ka naɗe masa tsire, alhali naka saƙon bai shigo ba. Wanda ya san bambancin "sent" a wayar wani da shigowar kuɗi a tasa wayar, ba a yi masa wannan wasa sau biyu.

Mu ɗauki bashi. A bakin titi kowa na cewa "borrow me", watau ranta mini. A takarda kuwa "I borrowed" na nufin na ci bashi, "I lent" na nufin na ba da bashi. Mutum ya ranta wa abokin cinikinsa kuɗin tirelar shanu, a zo rubuta yarjejeniya a sa kalmar da ba ita ba, ya sa hannu yana murna, ashe ya mai da kansa wanda ake bi. Haka "sold" da "let" a takardar rumfa ko gida: ta farko an sayar maka, ta biyu haya aka ba ka. Haka "paid" da "to pay" a jikin rasit: ɗaya an biya, ɗaya da saura.

Mu ɗauki asibiti. Likita ya tambayi uwa ko yaro ya sha maganin, "Did he take it?", ita kuwa ta ji kamar an ce ta ba shi ya sha, ta ce to. Likita ya rubuta an sha bai yi aiki ba, ya sake wani. A jikin kwalba kuma akwai "take" da "do not take", akwai "shake" da "keep". A jikin bango akwai "stop work" da jan fenti, wanda duk magini a Abuja ya san in ya gan shi sai ya ajiye cebur. Duk waɗannan ba manyan kalmomin lauyoyi ba ne, 'yan ƙananan nan ne dai.

UZURORIN DA NA SHA JI

Na farko, wai an girma. To, gemu ba ya hana ilimi. Dattijon da ya sauka Agege ba ya jin ko "zo" da Yarabanci, bayan shekara uku yana ciniki har da ba'a da matan kasuwa, shi ne zai ce kalma talatin sun fi ƙarfinsa? Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Ajurumiya, ya juya kataba, yaktubu, uktub, ya bi sigogi goma sha huɗu na fi'ili guda bai yi tuntuɓe ba, riga uku za ta gagare shi? Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, littafi sukutum ya wallafa a kan ilimin sarfu, watau juya kalmomin Larabci, mai suna Hisnur Rasin. Jikokin masu wannan aiki bai kamata su razana da "go, went, gone" ba.

Na biyu, wai Buroka ya wadatar. Ni ba na raina Buroka, harshe ne mai zaman kansa, har gidan rediyon BBC ya buɗe masa sashe a 2017. Shi ke haɗa mu ciniki da maƙwabta, a riƙe shi da kyau. Amma wuƙar yankan albasa daban, ta fiɗa daban. Maigadin nan da Buroka ya yi magana, da Turancin takarda aka rubuta.

Na uku, wai koyon Turanci zai sa a saki Hausa. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suke sha'awar Turancinsa, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, Turancinsa bai rage masa Hausa ko ƙwayar zarra ba. Harshen uwa ba ya gudu don an yi baƙo a gida, sai in masu gida ne suka kore shi.

Na huɗu shi ne na gaskiya, ko da yake ba a cika faɗinsa ba: kunya. Ana yi mana dariya don mukan musanya "p" da "f", sai mutum ya gwammace ya yi shiru ya gyaɗa kai. To, kowace ƙabila a ƙasar nan da inda harshenta ke karkata in ta zo Turanci, har ma mu muna da wata riba, don Hausa ta raba "shi" da "ita" kamar yadda Turanci ya raba "he" da "she", abin da Yarabanci da Ibo ba su yi ba. Karkatar harshe ba ta taɓa ɗaure kowa ba. Gyaɗa kai a kan abin da ba a gane ba shi ke ɗaurewa.

HAƘƘIN DA KE WUYAN HUKUMA

Kada a ce na ɗora wa talaka laifi na wanke hukuma. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi a sanar da shi cikin harshen da yake ji, in kuma ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a nan Abuja, ta ce a sashe na 17 in wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya fahimta, sa'an nan ya sa hannu. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba ce. Kowa ya riƙe: kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba. In an matsa, ka ce a kira maka tafinta. Amma ko tafintan ne, wanda ya san "gave" da "took" ya fi iya lura in an karkatar masa da magana.

Sa'an nan akwai maganar ilimin manya. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa har ƙauyuka, magidanta suka koyi karatu da rubutu da Hausa. A 1980 gwamnatin marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa, wadda hedkwatarta ke nan Abuja. Ashe ba baƙon aiki ba ne. Roƙona ga wannan hukuma shi ne ta buga ɗan ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu, aikatau talatin da fassararsu da Hausa, kowanne da misalin kasuwa da asibiti da caji ofis, a raba a tashoshin mota da kasuwannin shanu da zangunan Kudu. Gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa su ma su ba da minti biyar a rana. Kuɗin wannan bai kai na taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a babban otal ba.

A 2022 gwamnati ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a 2025 kuma aka janye aka koma Turanci. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma duk gardamar a kan yara ake yin ta. Magidanci mai shekara arba'in da ke tura baro a Mil 12 babu wanda ya sa shi a lissafi. Saboda haka kafin hukuma ta waiwayo, sai mu tashi da kanmu.

YADDA ZA A YI

Ni da na tsaya a takardar sakandare, na tuna yadda aka sa mu rera "go, went, gone" kamar karatun allo, bulala na yawo a kanmu. Mun haddace, amma ba a taɓa gaya mana inda za mu sa su ba, shi ya sa da yawanmu suka fita da waƙar a baki ba tare da amfaninta ba. Kada mu maimaita wannan kuskure. Kowace kalma a koye ta a cikin magana, kuma maganar ta zama ta sana'ar mai koyo.

Ga shawarata. A kowane zango a sami mutum biyar zuwa goma, a nemi yaro ɗaya da ya gama sakandare, ai ba a rasa su ko cikin 'yan acaba da masu faci. A zauna bayan sallar lisha, minti ashirin ya isa. A ɗauki kalma uku a mako. A rubuta su a allo ko bayan kwali, wanda bai iya boko ba ya rubuta amonsu da ajami. Kowa ya faɗi kowace kalma sau huɗu da bakinsa: ta jiya, ta yau, ta gobe, da ta musu. Mai albasa ya ce "I sold ten bags yesterday", na sayar da buhu goma jiya. "I sell onions", albasa nake sayarwa. "I will sell tomorrow", zan sayar gobe. "I did not sell", ban sayar ba. Washegari ya gwada a kan abokin ciniki na farko. In an yi dariya a yi, gobe ba za a yi ba.

A fara da na kuɗi: "pay", "buy", "sell", "give", "take", "send", "lend", "borrow", "owe", "keep". A bi da na zirga-zirga: "go", "come", "bring", "leave", "see", "meet", "drive", "stop", "put", "get". A ƙare da na magana da hukuma: "say", "tell", "ask", "know", "write", "sign", "do", "make", "have", "be". Ita "be" a bar ta ƙarshe don ta fi kowa riguna, tana zama "am" da "is" da "are" a yau, "was" da "were" a jiya. Uku a mako, cikin mako goma an gama. Wanda ya fara bayan ƙaramar salla, kafin babbar salla ta zo ya kusa sauka.

Ina kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin 'yan kasuwar shanu da na gwari da na goro, da limaman masallatan zango, su ɗauki wannan abu da muhimmanci. Kuɗin da ƙungiya ke tarawa don belin mutum ɗaya ya isa a sayi alli da allo a kuma ba yaron da ke koyarwa ɗan na sabulu har shekara. A kuma tuna da mata, don su ke kai yara asibiti, su ke karɓar takardar makaranta. Matar da ta yi karatu a cikin zango ta tara maƙwabtanta da hantsi, lada ne babba.

Shi maigadin da na ba ku labarinsa ya sami wani aikin a wata unguwa. Da na kai masa ziyara na tarar ya sa ɗan maƙwabcinsa ya rubuta masa kalmomi a bayan kwalin sukari, ya liƙa a bangon ɗakinsa. Ta farko a jerin ita ce "give, gave, given". Ya ce mini, Malam, wannan kam ko cikin barci aka tashe ni ba na mance ta. Na ce Allah ya sa sauran 'yan'uwa su koye ta a kan tabarma, ba a bayan kanta ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuwa ba ya ɓata. Allah ya tsare mu a inda muke neman halaliyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.